Tankar da Aka Yi Shanya a Kanta

Razlan Othman ya shekara talatin da ɗaya yana ƙera wa mutane haƙoran roba a wani ɗan ɗaki da ke saman shagon masu kayan yaji a George Town. Likitocin haƙori na tsibirin Penang sun san hannunsa, in suka gamu da baki mai wuyar sha'ani wurinsa suke turowa. Amma duk wanda ya hau benen nan, kafin ya ga haƙori ko ɗaya tankokin yaƙi zai fara gani. Suna jere cikin akwatin gilashi, kowace ba ta wuce tsawon tafin hannu da rabi ba, dukkansu na Jamus, na zamanin yaƙin duniya na biyu. A kwali ake sayo su, gutsattsarin roba ɗari shida ko fiye, mutum ya zauna ya harhaɗa da gam, ya yi fenti, ya sa musu ƙura da tsatsa har su zama kamar na gaske ne aka ƙanƙance. Da kayan aikin haƙora Razlan yake yin nasa, shi ya sa ko a cikin 'yan ƙungiyarsu ta masu harhaɗa tankoki babu mai tsaftar aikinsa.

Mutum ɗaya ne ya hana shi sakat, wato Teik Hock, mai shagon da ake sayar da kwalayen. Kowace Lahadi da yamma a bayan shagonsa ake taruwa, ana shan teh tarik, shayin madararsu, ana nuna wa juna aiki. Teik Hock gajere ne mai tumbi, hannunsa na rawa, bai iya fenti ba ko kaɗan, amma tarihin kowace tanka yana kansa. Ya san watan da masana'anta ta sauya ƙusa, ya san watan da ta sauya launi. Ya taɓa ɗaga wata tanka da Razlan ya yi wata huɗu yana fama da ita, ya juya ta sau ɗaya, ya gajarta sunansa kamar kullum ya ce, "Lan, ka rubuta ta fafatawar watan Yulin 1943 ce, amma wannan shafe mai gurzau da ka yi mata a jiki sai bayan wannan fafatawar aka fara yin sa. Tankarka ta riga zamaninta zuwa." Aka yi ta dariya. Razlan ma ya yi, amma ya kwana uku abin na cin sa.

Wata Laraba da hantsi wani likita ya turo masa wata tsohuwa don a daidaita launin haƙoran da za a yi mata. Baturiya ce doguwa, ta haura saba'in, gashinta fari fat, amma tana buɗe baki sai ga harshen Malay irin na 'yan kasuwar Penang. Sunanta Irmgard, kowa Anti Irma yake ce mata. Wani ɗan tsibirin da ya je karatu Hamburg ta Jamus ne ya auro ta tun tana 'yar ashirin da biyu, ya rasu ya bar ta a nan, ita kuma ta ce ba inda za ta.

Razlan ya zaunar da ita kusa da taga, ya ɗauko jerin haƙoran gwaji yana karawa a bakinta ɗaya bayan ɗaya. Sai ya lura idonta ba ya kansa, yana kan akwatin gilashi.

"Waccan mai faffaɗan kai," in ji ta, "na san ta."

"Tiger ke nan, Anti. Kowa ya san ta, ta yi suna."

"Ba a littafi na san ta ba. A kan igwarta muke shanya."

Haƙorin gwajin da ke hannun Razlan ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin tebur, bai ko bi shi da ido ba. "Shanya? Shanyar wanki?"

"To ta me? Ƙarshen yaƙi ne, ina 'yar shekara shida. Ta zo ta mace a bakin ƙauyenmu, sojojin suka fita suka bar ta. Ta fi shekara biyu a wurin. Mahaifiyata ta ɗaura igiya daga bakin igwar zuwa itacen tuffa. Ai ina da hotonta ma, ina zaune a kanta."

Razlan ya jawo kujera kusa da ita. Ya tambaye ta ko an taɓa buga hoton a wani wuri. Ta ce wa zai buga hoton wanki? Yana cikin gwangwanin biskit tun da ta zo da shi. Ya roƙe ta ya gani, ya roƙe ta har sau uku alhali tun a na farko ta amsa. Ta ce ya zo ranar Asabar, amma yanzu ya ji da haƙoranta tukuna, don ta gaji da cin kunun shinkafa.

Da ya koma gida matarsa Yati ta dube shi, ta kira shi yadda matan Malay ke kiran miji, ta ce, "Abang, tun da ka shigo kake murmushi kamar an yi maka albishir da kujerar Makka. Me ya faru?"

"Wata tsohuwa na gani."

"To, ka kyauta," in ji ta, ta ci gaba da yankan albasa.

Ranar Asabar tun ƙarfe tara yana ƙofar gidan Anti Irma a Tanjung Bungah, da madubin ƙara girma a aljihu. Ta fito da gwangwanin, ta yi ta tonon takardu, can ta miƙo masa wani ɗan hoto baƙi da fari mai cizgen gefe, bai fi katin shaida girma ba. Ga tankar nan ta gefen dama, ta ɗan karkace, igwarta na kallon itace, riguna huɗu da zanin gado ɗaya a kan igiya, ga wata 'yar yarinya a zaune tana lilo da ƙafa.

Ya ɗora madubin, ya fara daga sama. Ƙofar da kwamanda ke leƙowa doguwa ce mai siffar ganga, irin ta tankokin farko. Ya gangaro da madubin zuwa ƙafafu. Nan ya tsaya. Ya goge madubin da gefen rigarsa, ya sake dubawa. Ƙafafun ƙarfe ne zalla, babu roba a bakinsu, irin na tankokin ƙarshe. Tsakanin daina yin wannan ƙofa da fara yin waɗannan ƙafafu akwai kusan wata bakwai. Masana'anta ba ta taɓa fitar da su tare ba.

"Allahu Akbar!" Ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa. "Anti, kan tsohuwa ne aka ɗora a gangar jikin sabuwa! Ko kuma tsohuwar ce aka sauya wa ƙafafu! Haɗe-haɗe suka yi, kayan gyara sun ƙare musu!"

"Komai ya ƙare wa kowa a lokacin," in ji ta. "Zauna ka sha kofi kada ka fasa mini fitila."

Ta yarda ya ɗauki hoton da wayarsa, ta kuma ba shi aron na ainihin a cikin ambulan. Daga nan kai tsaye ya wuce shagon Teik Hock, ya ɗauko kwali biyu na Tiger, ɗaya samfurin farko, ɗaya na ƙarshe, ya aje a kan kanta. Niyyarsa ya yi shiru da bakinsa har ranar babbar gasar Kuala Lumpur, saura wata biyar, a can Teik Hock zai gani a gaban jama'a.

Teik Hock ya dubi kwalayen, ya dube shi. "Biyu? Kai da ɗaya ke cin maka rabin shekara?"

"Sha'awa ce kawai, Tauke," in ji Razlan, da sunan da ake kiran masu shago a can.

"Kada dai ka ce mini cakuɗa su za ka yi. In ka cakuɗa, kada ka ce a shagona ka saya."

Razlan ya danne dariyarsa ya fita. Kwana huɗu ya iya riƙe sirrin. Ranar Laraba da azahar ya kasa, ya rufe ɗakin aikinsa, ya hau babur, ya shiga shagon ya tarar da Teik Hock na cin taliya, ya ture kwanon gefe, ya shimfiɗa hoton da madubi a gabansa.

Teik Hock ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Razlan na kallon ƙeyarsa tana yin ja. Da ya ɗago, bakinsa a buɗe yake.

"Ina ka samo wannan?"

"A bakin wata tsohuwa."

"Lan, kada ka yi mini wasa, ina da hawan jini! Na san an yi irin waɗannan a watannin ƙarshe, tsofaffin tankokin makarantar horo da aka yi wa kwaskwarima aka tura fage, amma hotunansu ba su da yawa, kuma duk na haddace su. Wannan ba ta cikinsu. Ba ta cikinsu!" Ya zagayo kanta da gudu, ya ja ƙofar shago ya rufe da rana tsaka, a idon wani mai saye da ke shirin shigowa. "An tashi! Gobe!"

Suka yi awa uku a kan ɗan hoton nan. Suka ƙirga ƙafafu, suka gano fitila ɗaya ce a gaba, suka ga shingen taɓo na biyu, cikin farantan da ke saman ƙafafu, ya cire, na uku ya lanƙwashe sama. Kowane abu suka gano sai su tafa kamar 'yan makaranta. Sai da aka zo kan launi murnar ta koma gardama.

"Ruwan yashi ce da ɗishi-ɗishin kore," in ji Teik Hock. "Tun farkon 1943 aka daina ruwan toka. Magana ta ƙare."

"Dubi kan, ya fi jikin duhu."

"Inuwar itace ce."

"Inuwar da ta tsaya daidai inda kai ya ƙare? Tauke, ai akwai wadda ta zauna a kanta. Mu tambaye ta."

"'Yar shekara shida! Bayan shekara sittin da bakwai! Ni ko launin motar da na sayar bara ban tuna ba."

Duk da haka ranar Asabar yana bayan babur ɗin Razlan, ya rungume littattafai uku. Razlan kuwa dabarar sana'arsa ya yi. Ya san in ka tambayi mutum launin haƙorinsa fari zai ce, amma in ka jera masa ya zaɓa, idonsa ba ya ƙarya. Don haka ya yanka 'yan faranta goma na roba, ya fesa wa kowane launi dabam, ruwan toka kala uku, ruwan yashi kala huɗu, kore, ruwan ƙasa, har da shuɗi da bai da alaƙa da komai, ya gauraya su bai rubuta suna ba.

Anti Irma ta sa tabarau, ta baje su a tebur a baranda. Ba ta yi wata-wata ba ta ɗauki ruwan yashi mai duhu. "Wannan ne ƙasan, inda muke takawa mu hau, da wasu zane-zane kore." Teik Hock ya gyaɗa kai yana kallon Razlan a kaikaice. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki ruwan toka mai duhu. "Wannan kuma saman. In rana ta yi zafi ba ya zaunuwa, sai na shimfiɗa riga. Ƙasan bai kai shi zafi ba."

Razlan ya buga tebur har farantan suka yi tsalle. "Ka ji! Launi mai duhu ya fi ɗaukar zafi!"

"Kore mai duhu ma yana ɗaukar zafi," in ji Teik Hock. "Anti, ki yi haƙuri, ba raini ba ne, amma littattafai sun ce..."

"Masu littattafan sun ƙona cinyarsu a kanta?"

 Teik Hock ba mutum ba ne mai sallamawa da baki kawai. Ya ce a gwada. A haɗa tanka, a yi mata kai biyu, ɗaya ruwan toka, ɗaya ruwan yashi da kore, a ɗauki kowanne hoto baƙi da fari, a kara da na ainihi. Kuma ba da waya ba, da tsohuwar kyamarar mahaifinsa mai fim.

Haɗa tankar ya ci wa Razlan wata biyu. Ya ɗauki kai daga kwali ɗaya, ƙafafu daga ɗayan, ya sare shingen taɓo na roba ya yanko sabo daga gwangwanin madara don ya lanƙwasu kamar ƙarfen gaske. Teik Hock na zuwa ɗakin aikin kusan kullum, ya zauna tsakanin haƙoran mutane yana ba da umarni. Ranar gwaji suka hau rufin benen. Da farko da tsakar rana suka ɗauka, inuwar ta ƙi yin daidai. Teik Hock ne ya tuna cewa ranar Jamus ba ta hawa tsakiyar kai kamar ta Penang, suka jira har biyar na yamma, inuwar igwa ta miƙe daidai yadda take a hoton. Da aka wanko fim bayan kwana shida, suka jera hotuna uku a kan kanta.

Mai kai ruwan yashi ba ta yi kama ba ko kaɗan, kan da jikin sun saje. Mai kai ruwan toka kuwa kamar an tsaga kara.

Razlan ya yi ihu har mai shagon kusa ya leƙo. Teik Hock ya cire tabarau ya goge, ya ce, "To. Kan ya fi jikin duhu, wannan na yarda, na ci ƙasa. Amma hoto baƙi da fari ba zai gaya maka toka ne ko kore mai duhu ba. Hujjarmu ta toka bakin Anti ce kawai."

Razlan ya so ya yi musu, sai ya ga gaskiya ce. Can ya ce, "Sai mu rubuta haka. A katin da za a aje gabanta mu raba uku. Abin da hoto ya nuna, abin da mai ido ta tuna, da abin da muka yi hasashe. Gefen hagu gaba ɗaya hasashe ne, tunda ba mu gan shi ba."

"Ba a taɓa yin haka a gasa ba."

"To a fara a kanmu."

Da aka gama fenti, Razlan ya yi ƙasar da za ta zauna a kai, ya yi itacen tuffa da waya da busasshen gansakuka, ya yi riguna da takardar goge baki da ya jiƙa da gam, ya sassaƙa 'yar yarinya da irin kakin da yake gwada haƙora da shi. Suka kai wa Anti Irma a cikin kwali, suna ta zumuɗi, kowa na son ya riga buɗewa.

Ta daɗe tana kallo. Ta taɓa igiyar shanyar da farce. Sai ta ce, "Ina gidan?"

"Wane gida, Anti?"

Ta nuna gefen hoton, inda wani ɗan tulin duwatsu ya leƙo. Su biyun sun ɗauka shara ce. "Gidan maƙwabtanmu ne. A jikin katangarsu ta mace. Washegari aka yi ta ruwan wuta a kanta daga nesa, ba a san babu kowa a ciki ba. Ita ko gezau. Gidan ne ya rushe a kan wata tsohuwa da 'yarta, suna ɓoye a ɗakin ƙasa. Ita 'yar takan yi mini kitso." Ta mayar da tabarau cikin gidansa. "Kun ƙirga ƙusoshi kun ƙirga ƙafafu, na ga ƙoƙarinku. Amma in babu katangar nan, ba wurinmu ba ne."

 Razlan ya shekara ashirin yana ƙera waɗannan abubuwa, yana sha'awar kaurin ƙarfensu da tsawon igwarsu, bai taɓa tsayawa ya tambayi a jikin gidan wa suka tsaya ba. Ya ji kunya ta rufe shi. Teik Hock ne ya fara motsi, ya zaro takarda da biro daga aljihu, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Anti, bulo ne ko dutse? Taga nawa?"

Ta zana musu. Jan bulo, taga biyu, ɗaya da sauran labule, da matakala uku da ke gangarawa ƙasa. Razlan ya ɓare rabin aikin da ya gama, ya faɗaɗa ƙasar, ya zuba bulo ɗari huɗu da wani abu da garin farar ƙasa da yake zuba kwafin baki da shi, ya jera su ɗaya ɗaya. Saura kwana biyu gasa ya gama.

Su uku suka tafi Kuala Lumpur a motar kayan Teik Hock, Anti Irma a gaba, Razlan a baya ya rungume kwalin, duk ramin da aka faɗa sai ya yi salati. Zauren gasar ya cika maƙil, tebura sun fi sittin, mutane daga Bangkok da Manila da Jakarta da Singapore. Suka aje tasu, suka jingina katin, suka sa kwafin hoton a ƙarƙashinsa.

Alƙalai uku ne ke zagayawa da 'yan tocila. Babbansu wani dogo ne mai furfura. Ya haska kan tankar, ya haska ƙafafun, ya yi ɗan tsaki, ya ce wa na kusa da shi, "Aikin hannu mai kyau, amma an cakuɗa kwali biyu. Ga kuma ruwan toka a 1945. Kash."

Doka ta hana kowa magana da alƙalai. Razlan ya cije leɓe. Sai ya ji murya ta tashi daga bayan igiyar da aka kange jama'a da ita.

"Karanta katin! Ɗaga katin ka ga hoto! Wane irin alƙali ne ba ya karatu?"

Teik Hock ne, fuskarsa ja wur, wani ma'aikaci na riƙe da hannunsa.  Alƙalin ya harare shi, ya ɗaga katin, ya karanta, ya ɗauki hoton ya haska. Sai ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya daidaita idonsa da ƙafafun tankar, ya dubi hoto, ya dubi tanka. Ya miƙe ya ce, "Hoton nan na wane ne?"

"Nawa ne," in ji Anti Irma. "Ni ce a kai."

Daga nan tsarin zauren ya wargaje. Mutane suka baro teburansu suka yi dafifi, masu ɗaukar hoto na ɗauka, masu tambaya na tambaya. Wani ɗan Manila ya ce ko ta tuna lambar da ke jiki, wani ya ce ko ta taɓa shiga ciki. Ta ce ta shiga, warin mai da tsatsa ne kawai, kuma kaza ta taɓa yin ƙwai a kujerar direba. Aka kwashe da dariya. Da wani ya tambayi katangar, ta ba su labarin, dariyar ta ɗauke. Razlan na tsaye a gefe, gumi ya jiƙa masa riga, ya kasa rufe baki.

Na biyu ya zo. Wata mata daga Bangkok ce ta ɗauki na ɗaya, kuma da Razlan ya je ya ga aikinta bai yi jayayya ba. Alƙalin ya nuna masa wani siririn layin gam a ƙarƙashin igwa da ya kuɓuce masa. Ya kuma ce katin nan mai kashi uku zai so a mayar da shi ƙa'ida. A hanyar dawowa Teik Hock bai bar maganar layin gam ɗin ba har suka hau gadar Penang. "Mutum mai yin haƙora! A ce layi ya wuce ka! Da na sani da na duba da kaina."

Aka kai tankar gidan Anti Irma, ta sa a saman akwatin littattafanta. Dama tun kafin gasa ta rubuta wa wata 'yar kawunta a Jamus wasiƙa tana tambayar ko akwai wasu hotunan tankar, ba ta gaya musu ba don ba ta sa rai. Bayan wata biyu ta kira Razlan a waya ta ce su zo, su biyun, yanzu.

Ambulan ne da hotuna biyu. Ƙauyen ne, tankar ce, amma ta gefen hagu, gefen da ba su taɓa gani ba. Teik Hock ya fizge madubin. Sarƙar da ƙafafun gefen ke tafiya a kai ta tsinke ta zube a ƙasa kamar macijin da aka kashe. Ƙafafu uku na gaba babu su. A jikin kan kuma ga lamba da aka rubuta da hannu, a karkace, fentin ya zuba. Razlan kuwa gefen hagun nasa lafiya lau ya yi shi, sarƙa a ɗaure, ƙafafu cif, babu lamba.

"Duk kuskure ne!" in ji Teik Hock, yana tsalle a kan kujera. "Lan, gefen nan gaba ɗaya kuskure ne!"

"Na gani! Na gani!" Razlan na dariya har da hawaye. "Dubi yadda sarƙar ta kwanta! Dubi lambar!"

Anti Irma ta dube su ta girgiza kai. "Ban taɓa ganin mutanen da aka ce sun yi kuskure suna murna haka ba."

Razlan ya sauko da tankar daga saman akwatin, ya shimfiɗa jarida a teburin baranda, ya buɗe 'yar jakar kayan aikinsa da ba ya rabuwa da ita. Teik Hock ya riƙe masa hoton a gefe, yana cewa a hankali, a hankali, daga ta uku za ka fara. Anti Irma ta shiga ɗora ruwan kofi. Razlan ya sa bakin wuƙa a ƙarƙashin ƙafar farko, ya ɓalle ta.